Inhelar Ladanin Sabon Gari

Ku da kuka zo koyon aiki bana, na ga irin kallon da kuke yi wa teburina. A ganinku ba abin da nake yi sai in karɓi kati, in ja layi biyu ko uku a bayan ambulan, in ce wa mutum Allah ya ƙara sauƙi, in kira na gaba. Jiya ma na ji ɗayarku tana cewa sashen ƙirji wurin hutawa ne, ba jini ba haihuwa. To, ku jawo benci. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koya wa tsofaffin Minna shaƙar magani, kuma layin nan da kuka raina ya taɓa kusan raba wani bawan Allah da lasifikar masallacinsu.

Aikin farko da aka ba ni a wannan ɗaki shi ne in koya wa Metiron Asabe amfani da inhela, ɗan gwangwanin da ake fesa maganin shaƙa da shi. Ita ce shugabarmu a lokacin, doguwar mace wadda ba ta dariya sai ta ga ka yi kuskure. Ta miƙo min inhelar da babu magani a ciki, ta yafa gyale, ta ranƙwafa, ta ce, "Ni tsohuwa ce daga Wushishi. Koya min." Na yi bayani mai kyau, irin na littafi, na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta fesa a ƙirjinta ta saman riga. Na ce ba haka ba. Ta ce ai nan ne ke ciwo. Na sake bayani, ta fesa a hammata kamar turare. A karo na uku ta sa a baki yadda ya kamata, amma ba ta cire murfin ba. Na zaci wulaƙanta ni take son yi. Kafin shekara ta zagayo duk na ga ukun nan da idona, har da wani da ke fesawa a cikin shayi.

Kayan aikin da ta bar min ba su da yawa: wannan inhelar da ba kome a ciki, agogo mai hannun daƙiƙa don ƙirga numfashi, biro biyu, ja da shuɗi, sai robar ruwa da muke huda gindinta mu cusa inhela, don tsohon da hannunsa da numfashinsa ba sa jituwa ya fesa a ciki ya shaƙa a hankali. Dokarta kuwa ɗaya ce. Kada ki tambayi mutum ko yana shan magani, kowa e zai ce. Ki ce ya nuna miki.

Masu zuwa mana mutanen hayaƙi ne. Matan da ke bandar kifi a wajen Tagwai, masu tuyar ƙosai, masu gasa burodi da itace, da tsofaffin da suka yi shekara arba'in da sigari a baki suna cewa ɗanɗanawa kawai suke yi. Hayaƙi ya riga ya matse musu hanyoyin iska a huhu, kuma abin da ya lalace ba ya komawa sabo. Maganin shaƙa buɗe hanyar yake yi ya riƙe ta na wani lokaci, kamar dutsen da ake tokare ƙofa da shi. Mai shuɗin gwangwani, wanda shi kaɗai muke da shi a wancan zamani, yana aiki nan take, amma bayan awa huɗu zuwa shida ya sake. Shi ya sa likita ke rubuta wa masu tsananin ciwo sau huɗu a rana. Rubutawa ba wuya. Wuyar tana kan mai gaya wa tsohuwar da ba ta taɓa ɗaura agogo ba cewa ta shaƙa bayan kowace awa shida.

Ranar da aka kawo min Baba Sule, tun daga ƙofa na ji ƙamshin ƙuli da yaji. Mai tsire ne a Sabon Gari, kakansa ya biyo aikin jirgin ƙasa daga Kano ya zauna. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin layinsu, aikin da ya gada daga mahaifinsa. Bai ce min yana haki ba, bai ce ba ya iya hawa tudu ba. Cewa ya yi, "Sista, kiran salla ne ya fara yanke min a tsakiya. Ki gyara min wannan, sauran ki bar ni da su."

Ni Kirista ce, amma a Minna na tashi, na san ladan bai da abin da ya fi numfashi. Sai dabara ta zo min, har ina yaba wa kaina. Mutumin da shi ke kiran mutane salla ai ba zai manta lokacinta ba. Na ja layi huɗu a ambulan, na ce, "Baba, sau huɗu likita ya rubuta. Fesawa bibbiyu bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba, bayan isha'i."

Ya ƙirga da yatsu, ɗaya ya rage a tsaye. "La'asar fa?"

"Ita ka bar ta."

Ya dube ni, ya dubi yatsan. "Me ta yi miki?"

Na ce ba ta yi min kome ba, lissafin likita ne. Ya ce to, ya sa inhelar a aljihu. Irin "to" ɗin nan ne da tsofaffi ke yi idan sun riga sun yanke abin da za su yi.

Bayan mako uku matarsa, Inna Hajara, ta zo ita kaɗai, ta zauna a kan wannan bencin. Ta ce, "Sista, maganinku ya kawo mana kasuwa, amma kasuwar za ta cinye mu." Ashe Baba ya ba la'asar rabonta, sau biyar yake fesawa. Da yamma, daidai lokacin da yake tsaye a tukuba, sai hannunsa ya kama karkarwa, don haka shuɗin ke yi idan ya yi yawa, ga zuciya tana bugawa da sauri. Mutumin da aka sani da yanka nama siriri har kana hango fitila ta cikinsa, yanzu wuƙa na zamewa, yanka ɗaya ya kusa tafin hannu. Idan ya zo barbaɗa yaji, rabin gwangwani ke zuba. Labari ya kai har Tunga, 'yan acaba suna layi. Ta ce wani ma ya tambaye ta ko Baba ya yi mafarkin mutuwa ne yake sadaka.

"Kiran sallar fa?" na tambaye ta.

"Na magariba da isha'i kamar saurayi. Na azahar kuwa rabi kira rabi tari, kuma duk a lasifika."

Na kai wa Metiron maganar ina ɗora wa tsohon laifi. Ta ba ni takarda ta ce in zana ranar Baba Sule. Daga asuba zuwa azahar awa nawa? Na ce wajen takwas. Daga azahar zuwa isha'i? Wajen shida. Ta ce to dubi aikinki. Cikin awa shida na yamma ya fesa sau huɗu, cikin awa takwas na safe sau ɗaya, kuma na azahar sai ya gama kiran yake fesawa, lokacin da na asuba ya daɗe da sakinsa. Ko da ya bi huɗun da na ce, duk a cunkushe suke a gefe ɗaya na yini. Ranar ce na ga dariyar Metiron har da haƙoran ciki, ni kuwa kunya ta hana ni cin abincin rana. Na ƙirga sau nawa, ban auna tazara ba.

Muka gyara. Na ce ya fesa da asuba, da hantsi idan ya dawo daga sayen nama, da la'asar don kada ya sake min shari'a, sai lokacin kwanciya. Karkarwa ta tafi, 'yan acaba suka watse suna cewa tsohon ya koma halinsa. Amma na hantsin kullum sai ya manta, don babu abin da ke tuna masa. Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda kuka ba magani sau uku ko huɗu, na tsakiyar rana ne ke fara ɓacewa, don a lokacin mutum na gona, ko kasuwa, ko ya bar inhelar a aljihun wata riga.

Da maganin awa goma sha biyu ya iso mana, na ji kamar an sauke min kaya. Safe da yamma kawai, shuɗin kuma ya koma na ko-ta-kwana a aljihu, sai numfashi ya sarƙe. A nan salla ta yi daidai, don tsakanin asuba da magariba kusan rabin kwana ne cif. Baba Sule ya kalli layi biyun ya ce, "A da salla ɗaya kika kora, yanzu uku." Amma kiran azahar ya miƙe, ya bar maganar. Shekara biyu muka yi lafiya, har yana aiko min da tsire a takarda, an yanka shi siriri kamar da.

Sai shekarar da maganin ya ɓace. Babu a sito, babu a kemis, inda aka samu kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin mai sayar da ƙosai. Ba na son tuna wannan shekara. Mata na tasowa daga Wushishi da sassafe, su wuni a benci, in ce musu babu. Masu ɗan saura suka fara ja masa rai, na safe da yamma ya koma sau ɗaya, daga nan sai ranar da ciwo ya tashi. Wata tsohuwa takan kaɗa gwangwanin a kunnenta ta ce min har yanzu yana magana, alhali iska ce kawai ta rage. Gadajenmu suka cika da mutanen da na san da maganinsu na nan da suna gida suna aikinsu. Baba Sule ya koma wa shuɗin, sau biyar har da ƙari, yana kuma tsaye cikin hayaƙi. Ƙarshe a keke aka kawo shi, ya yi kwana tara a kwance.

Kwana taran nan Malam Hudu tela ne ya riƙe kiran salla, mutum mai ƙirji kamar ganga. Dattawan masallacin ba su yi wa Baba rashin adalci ba. Liman da kansa ya zo dubiya ya ce idan an sallame shi za a ba shi wata guda. In kiran ya tsaya, shi ke nan. In tari ya ci gaba da shiga lasifika, sai ya huta, Malam Hudu ya ci gaba. Bayan fitarsu Baba ya juya ga bango ya ce, "Hutu. Ni da hutu sai a kabari."

A wannan tsakanin ne muka samu sabon magani, ɗan kafso da ake sa wa a cikin wani ɗan akwati, a huda shi, a zuƙi garin. Guda ɗaya na riƙe hanya yini da kwana. Ban taɓa murna da magani irin wannan ba. Babu na hantsi da za a manta, babu tazarar da zan ɓata. Na ja layi ɗaya mai kauri, na miƙa wa Baba Sule ina murmushi.

Ya juya ambulan ɗin ya duba bayansa, ko sauran layukan na can. "Sau ɗaya?"

"Sau ɗaya, Baba, da asuba."

"Maƙwabcina zazzaɓi kawai ya yi, sau uku aka ba shi. Ni da na kwana tara a nan, ɗaya?" Ya rage murya. "Sista, ki gaya min gaskiya. Likita ya fid da rai da ni ne?"

Ku riƙe wannan, don za ku ji shi da kunnenku. A wurin mutanenmu yawan shan magani shi ne yawan kulawa. Wanda aka ce masa sau huɗu yakan fita da alfahari, an ɗauki ciwonsa da muhimmanci. Wanda aka ce masa sau ɗaya sai ya ga ko an raina shi, ko an sallame shi ya je gida ya jira lokaci. Na yi wa Baba bayani, na rantse masa wannan ya fi duk na baya ƙarfi. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin tun shekaru, amma layi ya yi tsawo ranar, na bar shi ya tafi.

Bayan kwana shida Inna Hajara ta dawo da shi, yana tafiya a buɗe kamar mai ɗauke da tulu tsakanin ƙafafu. Bakinsa ya bushe har harshe na manne wa dasashi, fitsari kuma ya ƙi fita tun daren jiya. Ta ajiye min kwalin a tebur, babu ko kafso ɗaya. Talatin ne a ciki, biyar sau shida. Sai da aka sa masa robar fitsari, likita ya daɗe yana sauraren zuciyarsa. Na tsorata ƙwarai, don wannan ba karkarwar hannu ba ce, abu ne da kan iya kai tsoho lahira. Da ya samu kansa na tsaya a kansa na ce, "Baba, maganin wata guda ka shanye a kwana shida."

Ya ce, "Ai ban zubar ba."

Metiron ta yi ritaya a lokacin, babu mai ba ni takarda in yi zane. Sai na jawo kujera na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da ya ɗaga min yatsa. Na ce ya gaya min abin da ke hana shi tsayawa a ɗaya. Ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya ce, "Sau biyar nake kama lasifikar nan. Idan na kama ta ban yi wa ƙirjina kome ba, tsoro nake ji. Sai in ga kamar a tsakiya zai yanke, unguwa duk tana ji."

Ashe duk shekarun nan ba gardama yake yi da ni ba. Na ce to, kowace salla za ta samu rabonta, amma ba kafso ba. Na koya masa abin da muke koya wa duk mai irin ciwonsa, wanda yawancinsu ke watsarwa tun a bakin ƙofa: ka ja iska ta hanci, ka tsuke baki, ka hura a hankali kamar mai fifita koko, ka daɗe kana hurawa. Ba yaudara ba ce, yana fitar da tsohuwar iskar da ta maƙale a huhu, yana kwantar da haki. Na ce sau goma kafin kowane kira. Ya ce in rubuta, abin da ba a rubuta ba ba magani ba ne. Na ɗauko biro ja na ja layi ɗaya, kafso da asuba. Na ɗauko shuɗi na ja huɗu. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"La'asar ta samu?"

"Ta samu, Baba. Ga ta nan, ta uku."

Sabon kwalin kuwa Inna Hajara na damƙa wa, ta kulle a akwatinta, tana ba shi ɗaya kowace asuba kamar kuɗin cefane. Tukuba ma aka raba shi da ita. Garba, ɗan ƙanwarsa, magidanci ne mai iyali, ya karɓi gashi. Baba ya koma gefen da iska ba ta kai hayaƙi, yana yanka albasa yana kushe aikin Garba.

Ranar da watan da liman ya ba shi ya cika, Alhamis ce. Na ce wa abokiyar aikina ta riƙe min tebur, na hau keke zuwa Sabon Gari kafin azahar, don ita ce mai kayar da shi tun farko. Akwai shagon wata Maman Chidi daura da masallacin, na shiga ina juya sabulu kamar mai saye. Ta ƙofa ina hango liman a tsaye, da Malam Hudu a gefensa, tef ɗin awo rataye a wuya, ya taso daga shago don ko za a buƙace shi.

Lasifika ta yi ƙara alamar an kunna. Sai wani dogon huci ya fito, fuuu, ya bi layin gaba ɗaya. Ya tsaya, ya sake. Ban taɓa tunanin sai ya kunna lasifika zai yi hurawar da na koya masa ba. Maman Chidi ta yi tsaki, ta ce da irin Hausarta, "Wannan sifika ba shi da lafiya. Sati uku kenan, kullum sai ya yi iska kafin Baba ya fara. Sun canja waya sau biyu, har mijina ya duba musu, bai ga komai ba."

Ni dai ina ƙirgawa. Goma ne cif, bai ci ko ɗaya ba.

Sannan ya fara. Idona na kan agogo, don hannuna ya saba, amma ban ga inda hannun daƙiƙa yake ba. Ya ja na farko ya dire. Ya ja na biyu. Ya iso wurin da Inna Hajara ta ce nan ne kullum yake karyewa, na ji na matse sabulun mutane har kwalin ya lotse. Ya wuce. Muryar tsoho ce, ba ta kai ta Malam Hudu kauri ba, amma ta tafi har ƙarshe ba tari ko ɗaya. Aka kashe lasifika. Liman ya shiga ciki. Malam Hudu ya cire tef ɗin daga wuya, ya naɗe, ya sa a aljihu, ya ɗauki buta.

Maman Chidi ta karɓi sabulun daga hannuna, ta duba inda ya lotse, ta sa min a leda ba tare da ta tambaye ni ba. Ta ce, "Kin ji ko? Baba lafiyarsa ƙalau. Sifika ne ya kamata su kai asibiti."

Na biya kuɗin sabulu, na ce mata su bar sifikar haka, kada kowa ya gyara ta.